Gidan gonar da yashi ya binne a Girinlan: wai ƙashi da kashi za su iya ba da labarin kiwon da aka yi shekara 700 da suka wuce?

Malam_Sabo_Gumel:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan wani abu yana yi mini yawo a rai, na ce bari in kawo shi gaban masana.

A 1990 wasu mafarauta biyu a tsibirin Girinlan, can gabas da birnin Nuuk kusa da bakin ƙanƙarar da ta rufe tsakiyar ƙasar, suka ga manyan itatuwa sun leƙo daga gaɓar wani kogi. Ƙasar ba ta da manyan bishiyoyi, don haka suka kai rahoto. Masu binciken kufai suka zo suka yi ta tono daga 1991 zuwa 1996, sai ga gidan makiyaya sukutum kwance ƙarƙashin yashi, ƙasa ta daskare a kansa. Suka sa masa suna Gidan Gona na Ƙarƙashin Yashi. Masu gidan Turawa ne 'yan asalin Aisilan da Norwe, irin waɗanda suka biyo Erik Ja zuwa tsibirin wajen 985. Tun wajen shekara ta 1000 ake zaune a wurin har cikin ƙarni na 14, ana rushewa ana sake gini. An samu ɗakin saƙa da sauran itacen masaƙa, an samu ɗakunan dabbobi da kashinsu jibge, har da akuya guda da fatarta da gashinta, bango ya faɗo ya danne ta.

Tambayata biyu ce. Ta farko, masanan nan suna cewa shanun mutanen na tatsa ne ba na yanka ba, kuma suna shafe watanni a ɗaure cikin ɗaki. Ta yaya ƙashin juji zai gaya maka wannan? Ta biyu, ni a ganina son shanu ne ya cinye su. Sun je ƙasar da ba ta saniya ba, suka nace sai sun riƙe saniya, har yunwa ta share su. Ko na yi kuskure?

Ummu_Khalil:
Wa alaikumus salam. Malam, ni akuyar nan ce ta tsaya mini. Shekara ɗari shida da wani abu, da gashinta? Ikon Allah.

LikitanDabbobi_Bauchi:
Malam Sabo, bari in ɗauki ta farkon, don ita ce ta shafi aikina. Kai ma ka san amsar, ba ka dai haɗa ta da wannan ba. In ka je kara sayen sa, mene ne farkon abin da dillali yake yi? Baki yake buɗe masa. Ya yi famfara ko bai yi ba, manyan haƙora nawa suka fito, sun cinye ko da saura. To muƙamuƙin da ya kwana shekara 700 a juji haƙoransa suna nan, kuma lissafin bai sauya ba. Haka ƙashin ƙafa: na ƙaramar dabba bakinsa bai gama haɗewa da jikinsa ba, kuma kowace gaɓa da shekarun da take haɗewa.

In aka tara ƙasusuwa dubbai daga juji guda aka jera su bisa shekaru, sai tsarin yankan gidan ya fito fili. Mai kiwo don nama yana yanka dabba ne daidai lokacin da ta cika jiki. Mai kiwo don nono kuwa, abin da za ka tarar a jujinsa jariran maruƙa ne da tsofaffin shanu mata da suka gama haihuwa, tsakiyar kusan babu. Irin wannan na biyun aka yi ta samu a gidajen Girinlan. Ga kuma manyan gangunan itace da aka samu gurbinsu a ɗakunan ajiya, na tara nono mai tsami wanda za a ci har ƙarshen sanyi.

Ardo_Jibo:
Likita, Allah ya ƙara sani, amma a nan na tsaya. Wane makiyayi ne zai yanka ɗan maraƙi ya ce yana son nono? Saniya ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Sai ya fara tsotsa, nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure a ƙafarta ta gaba a tatsa. Ina yaro wata saniyar mahaifina, fara mai baƙin kunne, ɗanta ya mutu kwana tara da haihuwa. Baffa ya feɗe shi, ya cusa ciyawa a cikin fatar, ya barbaɗa gishiri a gadon bayan. Kullum da safe a ajiye mata, tana lasa ana tatsa. Ranar da aka manta ba a kawo ba, ko ɗigo ba ta bayar. To su waɗannan da suke yanka maruƙa da me suke tatsa?

LikitanDabbobi_Bauchi:
Ardo, ranka ya daɗe, gaskiyarka, kuma masanan ma sun yi wannan jayayya a tsakaninsu kan shanun dā. Amma duba abu biyu. Shanunmu masu tozo sun fi tsananta wannan hali, nasu kuwa marasa tozo ne, ƙanana ƙwarai, ba su fi tsayin babban maraƙin bunaji ba. Na biyu, ba duka maruƙa ake yankawa ba. Na mata ana barinsu su maye gurbin iyayensu. Mazan ne ba su da wurin zama, don kowane baki da ka shigar ɗaki sai ka tanadar masa ciyawar watanni. Kuma ba na cire cewa wasu ba yanka su aka yi ba, mutuwa suka yi don uwar ta fito daga sanyi a rame.

Ardo_Jibo:
Wannan na ƙarshen ya fi kama hankalina. Uwa in ta rame ɗa ba ya tsayawa.

Dalibin_Kufai:
Salamu alaikum iyayena. Ni ɗalibi ne a fannin, bari in ƙara a kan maganar ɗauri cikin ɗaki, don nan ba ƙashi kaɗai ke magana ba, ginin kansa yana magana.

Ɗakin shanunsu bangonsa na dutse ne da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, kaurinsa ya wuce mita guda, a wasu wuraren ya ninka haka. Ƙofa 'yar ƙarama. A ciki an kakkafa fala-falan duwatsu a tsaye, tsakanin dutse da dutse gurbin saniya ɗaya, ga magudanar fitsari da kashi ta bi ta tsakiya. In ka ƙirga guraben ka san shanu nawa gidan zai iya ɗauka. Manne da shi kuma rumbun ingirici ne. In ka auna girman rumbun ka raba da abin da saniya ke ci, ka san tsawon lokacin da aka shirya wa. Zaman Turawan nan a tsibirin yanki biyu ne, na yamma da na kudu. A yankin yamma, inda wannan gida yake, lissafin yana kaiwa wata takwas, wasu su ce tara.

Abin da ya fi burge ni a wannan gida shi ne yadda fasalinsa ya sauya. Da farko dogon zaure ne guda. Daga baya sai aka dunƙule komai wuri ɗaya, ɗakin mutane, na shanu, na tumaki, na ajiya, duk a manne ana bi ta lungu. Ɗumin jikin dabba yana taimakon mutum, na murhu yana taimakon dabba, kuma ba sai ka fita cikin guguwar ƙanƙara ba kafin ka ba su abinci. Har ƙwarin jikin tumaki da ƙwarƙwatar mutane an tsinto a dandaɓen ɗakunan. A 2009 kuma aka fitar da binciken da ya gano ƙwayoyin halittar shanu da tumaki da awaki a cikin ƙasar dandaɓen kanta.

Yar_Maradi:
Wata takwas a ɗaure cikin duhu! Ai ƙafafun ma sai su sage.

Dalibin_Kufai:
Haka ne Inna. A Norwe da Aisilan da arewacin Sikotilan an san al'adar har kusan zamanin nan: in ciyawa ta fito, maƙwabta su taru su ciccibi shanun da suka kasa tashi su fitar da su makiyaya. Daga nan ake kyautata zaton haka abin yake a Girinlan.

Yar_Maradi:
To wannan ba sai an ba ni labari ba, na gani da idona. Farin 1984 ina 'yar shekara goma sha ɗaya a ƙauyenmu arewa da Maraɗi. Kafin ruwa ya sauka shanunmu huɗu suka rage cikin goma sha bakwai. Kowace asuba babana da ƙannensa biyu su zura itace biyu ƙarƙashin cikin saniya, ɗaya a ƙirji ɗaya a mara, wani ya kama wutsiya, a ce bismillah a ɗaga. In ta tsaya ta yini, in ta koma ƙasa a sake. Har bunun rufin ɗakin girki muka zare muka ba su. Ni aikina in daka karan gero a turmi in jiƙa da ruwan kanwa.

Shi ya sa, Malam Sabo, maganarka ta biyu ta ɗan sosa mini rai. Ba taurin kai ya sa babana ya ƙi rabuwa da shanun nan huɗu ba. Ya san in suka tafi ba mu da abin da za mu tashi da shi in damina ta dawo. Kuma a kansu muka tashi. Wanda bai taɓa kiwo ba ne yake ganin riƙon saniya son zuciya ne.

Malam_Sabo_Gumel:
Hajiya, ki yi haƙuri, ban faɗa don raina makiyayi ba, ni ma ina da 'yan tumaki a gida. Amma ku damina ta dawo muku. Su fa ga teku a gabansu, ga mutanen Inuwit sun rayu a wannan ƙasa ba saniya ba tunkiya, har yau jikokinsu na nan. Me ya hana su koyi da su?

Dalibin_Kufai:
Malam, a nan ne binciken baya-bayan nan ya rushe tsohon zance. An gwada ƙasusuwan mutanen da kansu daga maƙabartun cocinsu. Abincin teku yana barin alama a ƙashin mutum dabam da ta abincin tudu. Na farkon zuwa, abin teku bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na cimarsu ba. Na ƙarni na 14 kuwa ya haura rabi, wasu har kusan kashi 80. Mafi yawansa naman sil ne, dabbar tekun nan mai kitse. A jujin ƙananan gidaje ƙashin sil ya fi na kowace dabbar gida yawa nesa ba kusa ba. Suna kuma farautar barewar ƙanƙara. Aladu da suka zo da su tun farko suka watsar, suka ƙara yawan awaki fiye da yadda 'yan'uwansu na Aisilan suke yi, don akuya tana cin ganye da reshen ƙananan itatuwa. Mutanen da suka yi wannan duka ba za a ce sun ƙi sauyawa ba.

Bakatsine_Mai_Turke:
Akuya dai akuya ce ko'ina. Ita ce ta ƙarshen mutuwa a fari, ashe har a ƙanƙara.

Ni mai kiwon turke ne, raguna nake ɗaurewa don layya. Abin da na ɗauka a zancen Ɗalibi shi ne rumbu ke yanke yawan dabba, ba kuɗin saye ba. Duk shekara ranar da na gama ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa, ranar nake sanin rago nawa zan ɗaure. Shekarar da na yi haɗama na ƙara uku a kan lissafi, kafin watan Sallah harawa ta ƙare, dami ya yi tsadar da sai da na sayar da biyu don in ciyar da sauran. Ni ina da kasuwa kusa. Su in ingirici ya ƙare saura wata biyu, wa za su saya wa?

Baba_Masaƙi:
Ku dakata da shanu, a gaya mini zancen masaƙar. Irin tamu ce ta zaune mai takawa?

Dalibin_Kufai:
A'a Baba, ta tsaye ce. Ana jingina ta da bango, zaren tsaye ya sauko, a ɗaɗɗaura masa duwatsu masu huda a ƙasa su ja shi ya miƙe. An samu duwatsun da yawa a gidan. Mata ne suke saƙar, da ulun tumaki, wani lokaci a haɗa da gashin akuya. A wani wurin kuma, Herjolfsnes, a 1921 aka tono riguna da huluna na ulu cikakku daga maƙabarta, sanyi ya tsare su. Don haka tunkiya a wurinsu sutura ce kafin ta zama nama.

Baba_Masaƙi:
Madalla. Ta tsaye a wurinmu ma ta mata ce, sai dai tamu ba duwatsu. Na gode ɗana.

Sani_Kumasi:
Ni tambayata, duk gidajen haka suke, ko akwai masu hali da talakawa?

LikitanDabbobi_Bauchi:
Akwai ƙwarai, kuma shanu ne ma'aunin. A Gardar, inda garin Igaliku yake yanzu, nan ne gidan babban limamin cocinsu tun wajen 1126. Ɗakunan shanu biyu na wurin suna ɗaukar fiye da 100. An samu madatsun ruwa da hanyoyin da aka haƙa ana kwararo ruwa zuwa filin ciyawa. Ƙaramin gida a kan tudu kuwa gurbin saniya biyu ne ko uku, sauran awaki da tumaki. In sanyi ya yi tsanani shanun ƙaramin gida suka mutu, wurin babban gida zai je neman iri. Ka ga daga nan biyayya take farawa.

Ardo_Jibo:
Wannan kam mun san shi. A wurinmu akwai saniyar da ɗan'uwa zai ba ka aro, ta haifa maka, ka riƙe 'ya'yan ka mayar da uwar. Da ita wanda annoba ta share yake tashi. Amma tana aiki ne in masifar ta sami wasu ta bar wasu. In ta game kowa, mai bayarwa ma nema yake.

Ina kuma so in sani, suna tafiya da dabbobi ko a gida suke shekara?

Dalibin_Kufai:
Suna ɗan tafiya, Ardo, amma ba nisa. An samu ƙananan bukkoki da shingayen dutse a kan tuddai, inda ake kai dabbobi lokacin ɗumi ana tatsa a can, don a bar filin gida ya yi ciyawar yanka. Filin gidan kuma taki ake zuba masa duk shekara. Har yau in ka dubi hotunan wuraren za ka ga kewayen kufan ya fi ko'ina kore.

Bakatsine_Mai_Turke:
Kamar gonar da Fulani suka yi mashekari a cikinta. Shekara uku kana gane inda garken ya kwana, dawar wurin har baƙi-baƙi take yi.

Dan_Borno_Ngala:
Ku yi mini afuwa zan ɗan karkata. Muna ta Girinlan, alhali irin wannan aiki an yi shi a ƙofar gidanmu. A Daima, nan ƙasar firgi mai baƙar laka kusa da iyakar Kamaru, Graham Connah ya tona wani tudu a 1965 da 1966. Tudun ya kai wajen mita 10, kuma ba tudun Allah ba ne, zaman mutane ne bisa zaman mutane na fiye da shekara 1,500. An samu ƙasusuwan shanu da na awaki da tumaki da kifi, da 'yan mutum-mutumin shanu na yumɓu irin waɗanda yaranmu ke ginawa har gobe. Na ƙasa-ƙasan ba su da tozo. Kuma har yanzu a tafkin Chadi akwai shanun kuri, marasa tozo masu manyan ƙahoni. A Gajiganna ma Jamusawa da jami'ar Maiduguri sun tono zaman makiyaya da ya girmi Daima. Yara nawa ne a makarantunmu suka taɓa jin sunan Daima?

Malam_Sabo_Gumel:
Ɗan Borno, ka taɓo inda yake mini ciwo, don tarihi nake koyarwa. Bayan garinmu akwai kufai, tsofaffi suna cewa nan ne garin farko. Shekara biyar ke nan masu bulo suna ɗibar ƙasarsa. Na je da ɗalibaina muka tsaya a bakin ramin, ga toka a jere kamar shafin littafi, ga katangar tukwane, ga ƙasusuwa, har da dutsen niƙa rabi a waje. Na yi magana inda ya kamata, aka ce za a duba. Bana da na koma rabin tudun ya zama gidaje.

Dalibin_Kufai:
Malam, ko hoto ka riƙa ɗauka da ma'auni a gefe, ka rubuta zurfin da kowane abu ya fito. Amma kada a cire ƙashi daga jerinsa a tara a buhu, don in ya bar gurbinsa rabin labarinsa ya tafi. Mu matsalarmu zafi da gara da ruwa suna cinye itace da fata da kashi. Su ƙanƙara ta ajiye musu komai. Duk da haka shi ma gidan yashin bai tsira ba, kogin da ya tona shi shi ya ƙarasa cinye shi.

Ummu_Khalil:
An bar ni da akuyata. Wai ina mutanen suka tafi har suka bar ta?

Hamza_Agadez:
Yaya Ummu, akwai rubutaccen labari a kan haka. Wani malamin coci ɗan Norwe, Ivar Bardarson, wanda ya riƙe harkokin Gardar, an tura shi yankin yamma wajen tsakiyar ƙarni na 14. Ya ce bai tarar da kowa ba, sai shanu da tumaki suna yawo ba mai su. Suka yanka abin da jiragensu za su ɗauka suka koma. Shi ya ɗora laifin a kan Inuwit, amma tonon gidajen bai nuna alamar yaƙi ba. Yankin kudu, wanda ya fi girma, ya ƙara shekaru. Labari na ƙarshe da aka rubuta daga can ɗaurin aure ne a cocin Hvalsey a 1408, kuma bangon cocin yana tsaye har yau.

Don a gane zamanin: bisa lissafin tarihin Kano, Bagauda ya fara sarauta a 999, Yaji kuma ya hau a 1349. Ke nan rayuwar gidan nan ta yi daidai da tsakanin Bagauda da Yaji.

Malam_Sabo_Gumel:
To ai ga shi. In dabbobi na yawo mutane babu, ba yunwa ba ce?

Ardo_Jibo:
A'a Malam, juya ta. Mai jin yunwa ba ya mutuwa ya bar saniya tana yawo. In dabba ta rage, mutum tafiya ya yi.

Dalibin_Kufai:
Ku biyun kowa yana da gidan da zai kafa hujja da shi. A wani gida na yankin, Nipaatsoq, shimfiɗar ƙarshe ta nuna wahala ƙarara: kofatan shanu a ɗakin ajiya, ƙafafun tsuntsaye da zomaye, ƙashin jaririn maraƙi da ɗan tunkiya, da ƙashin babban karen farauta mai sawun wuƙa. Wanda ya ci saniyar tatsarsa har kofato ya yanka karen farautarsa ya yanke ƙauna daga baɗi. Har ƙudajen ɗakin sun ba da shaida, don irin masu son ɗumi sun ɓace, masu jure sanyi suka maye, alamar wuta ta mutu a murhu.

Amma a gidan yashi ba haka ba ne. Ba gawar mutum, kuma kayan da suka fi daraja babu su, kamar an tattara an fita a natse. Akuyar da alama bayan tafiyarsu ta riƙa shiga tana fakewa har bango ya faɗo. Ko a Nipaatsoq ɗin ma ba a samu gawar mutanen ba.

Yar_Maradi:
Haka ƙauyenmu ya watse a 84. Ba rana ɗaya ba. Wannan gida ya tafi Kano, wancan ya bi dangi Maraɗi, samari suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Wanda ya zo bayan shekara goma zai rantse annoba ce ta share mu, alhali yawancinmu muna raye a wani wuri.

Hamza_Agadez:
Inna ta kawo abin da wasu masanan ke cewa. Mutanen duka ba su wuce 'yan dubbai ba ko a lokacin da suka fi yawa. Kuma ba kiwo kaɗai ya riƙe su a can ba. Duk shekara mazansu suna tafiya arewa mai nisa farautar walrus, wata dabbar teku mai haure biyu, haurenta ake kaiwa Turai a sassaƙa. Da kasuwar ta faɗi, wasu na danganta hakan da samuwar hauren giwa daga Afirka, ga kuma annobar da ta shiga Norwe a 1349 ta kashe jama'a ta bar gonaki ba masu nomawa, jirage suka rage zuwa. Saurayin da ya ji akwai gona kyauta a wani wuri me zai zaunar da shi? Kuma lokacin farautar nan yana cin kwanakin ɗumi, waɗanda su ne na tanadin ciyawa. Hannun da ya tafi teku bai yanki ingirici ba.

LikitanDabbobi_Bauchi:
Akwai kuma binciken 2022 da aka yi da lakar ƙasan wani tafki a yankin kudu, kusa da wani kufan gona. Ya nuna a wurin sanyi bai ƙaru sosai ba a zamaninsu, bushewa ce ta yi ta ƙaruwa. Wato fari. Ciyawa ta ragu, rumbu bai cika ba. Ina karantawa na ce wannan ai zancen gidanmu ne.

Sani_Kumasi:
Fari a ƙasar ƙanƙara? Likita, wannan ya yi mini nauyi.

LikitanDabbobi_Bauchi:
Ƙanƙarar da ke kan dutse ba ta shayar da filin ciyawa, Malam Sani, sai in an jawo ruwanta. Shi ya sa aka haƙa hanyoyin ruwa a Gardar. Kuma yau ma ana kiwon tumaki a kudancin Girinlan. A 1924 Otto Frederiksen ya kafa kiwo a Qassiarsuk, daidai inda gidan Erik Ja yake. Makiyayan yanzu shekarar da ruwa ya yi ƙaranci sai sun sayo abincin dabbobi daga waje ta jirgin ruwa. Na dā ba su da wannan jirgi. Sai dai binciken tafki ɗaya ne a kudu, gidan yashi kuwa yana can arewa da shi da nisa, kada mu ɗora masa abin da bai ɗauka ba.

Malam_Sabo_Gumel:
Na janye kalmar son shanu, Hajiya ta gamsar da ni a kanta. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. In kashi 80 na cimarka daga teku yake, kuma kana kashe kwanakin ɗuminka kaɗan wajen yanka wa saniya uku ciyawar wata takwas, akwai abin da ya wuce ciki a lamarin. Ko girma ne, ko gudun a ce ka zama wani iri.

Ardo_Jibo:
Akwai, Malam, ban musa ba. Ɗan'uwana yana da shago a gari shekara ashirin, shagon ke ciyar da shi, amma yana da shanu shida a hannuna, duk wata sai ya aiko kuɗin dusa. In ka ce ya sayar sai ya ce to ya zama wa? Amma kada ka manta da yara. Naman sil ba zai yi wa yaron da aka yaye abin da nono zai yi masa ba. Mace mai goyo ta san dalilin saniya ukun nan.

Ummu_Khalil:
Wannan gaskiya ne Baffa. Ɗalibi, akuyar tana ina yanzu, an ajiye ta? Kuma an duba cikinta an ga abin da ta ci na ƙarshe?

Bakatsine_Mai_Turke:
Ni ma ina jiran wannan amsa. Kuma Likita, in ka samu sarari ka lissafa mana dami nawa na harawa zai riƙe ƙaramar saniya wata takwas ba kiwo ko na yini ɗaya. Ni na gwada da raguna, rago ɗaya a wata uku yana cinye mini abin da ya cika amalanke har da ɗori, ban da dusa da kowa.